"Nonona Ba Ya Isar Yaro": Tarihin Neman Ruwan Nono a Ƙasar Zazzau

  Yau za mu waiwaya baya ne, mu dubi wani tsohon kuka da mata suka daɗe suna yi, wato, "Nonona ba ya isar yaro." Ko a Ikara kike, ko Paki, ko Makarfi, ko Gubuchi, ko Hunƙuyi, ko Likoro, na san kin taɓa jin wannan kuka, in ma ba ke ce kika yi shi ba. Da zarar jariri ya cika kuka, sai kowa ya zo da tasa. Uwar miji ta ce a ƙara kanwa a kunu, ungozoma ta ce a gwada nonon ko ba shi da kyau, maigida kuma ya dawo daga kasuwa da madarar gwangwani a aljihu. Ke kuwa ga ki a tsakiya, ba ki san ta wa za ki ɗauka ba. To kowace shawara daga cikin waɗannan tana da asalinta, kuma idan kika san inda ta fito, sai ki fi gane wadda za ki riƙe da wadda za ki ajiye.

Mu fara da zamanin kakanni. Akwai wata tsohuwa da ake kira Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877, ta tashi a yankin Zarewa, kusa da iyakar Kano da Zazzau, ta rasu a 1951. Tsakanin 1949 da 1950 ta zauna da wata Baturiya mai suna Mary Smith a Giwa da Zariya, ta ba ta labarin rayuwarta, aka buga shi littafi a 1954. Daga bakin wannan baiwar Allah muka sami hoton yadda matan ƙasarmu suke haihuwa da goyo tun kafin zuwan Turawa. A wancan zamani mace tana shayar da ɗanta kimanin shekara biyu kafin a yaye shi, kuma ana gudun ta yi ciki a kan goyo. Wannan ya dace da abin da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara game da shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika shayarwa.

Sannan ga jego. Kwana arba'in mai jego ba ta daka, ba ta surfe, ba ta ɗebo ruwa. Idan haihuwar fari ce, a gidan iyayenta take wanka. Ana dafa mata ƙauri, a kawo gasasshen nama da yajin jego, a dama kunu safe da yamma. Akwai tsohuwar da aikinta ke nan, ta kwana da ita, ta tashe ta idan yaro ya motsa. Kin ga kuwa mace ta ci ta ƙoshi, ta huta, ɗanta na manne da ita dare da rana, ai dole ruwan nono ya zo. Abin da kakanninmu suka hango ke nan, kuma har yau likita bai ƙaryata su a kansa ba.

Idan duk da haka nono ya yi ƙaranci, sai a koma ga kunu da itatuwa. Kunun kanwa shi ne sarki. Ita kanwar ba a ƙasarmu ake haƙo ta ba, fatake ne suke ɗauko ta a kan jakuna da takarkarai daga ƙasar Manga da gefen Tafkin Cadi, su bi da ita ta Kano har kasuwannin Zazzau. Bayan kanwa akwai sabara, akwai wata 'yar ciyawa mai farin ruwa da ake kira nonon kurciya. Wani likita Bature, Dalziel, ya tattara sunayen itatuwan Hausa a littafi tun 1916. Idan kuwa uwa ta rasu ko ciwo ya kwantar da ita, sai a nemi 'yar uwa mai goyo ta haɗa da nata, wani lokaci ma kaka ce take sa maraya a ƙirji har ruwa ya dawo mata. Addini ya san da wannan, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha nonon Halimatus Sa'adiyya, kuma Suratun Nisa'i ta haramta aure tsakanin waɗanda suka sha nono ɗaya.

To amma 'yar uwa, ba duk abin da muka gada ba ne alheri. Akwai al'adun da su da kansu suke rage ruwan nonon da ake nema. Na farko, zubar da dakashi, wato wannan nono na fari mai kauri, mai ruwan ɗorawa. A gidaje da yawa ana cewa datti ne, sai a hana jariri mama kwana biyu ko uku, a riƙa ba shi ruwan ɗumi ko nonon akuya har "nono ya wanke". Na biyu, gwajin nono. A tatsa a ludayi, a jefa tururuwa, idan ta mutu a ce nonon mugu ne, a hana yaro sai an yi wa uwar magani. Tururuwa kuwa ko a kunu ta faɗa tana iya nitsewa. Na uku, kunyar ɗan fari. Yarinya ta haihu, amma ba za ta ɗauki ɗanta a gaban mutane ba, sai an matsa mata take ba shi mama, ga kuma ɗaki cike da 'yan barka tun safe har dare. Na huɗu, cire beli a makon farko, wanda yake barin rauni a maƙogwaron jariri, ya kasa tsotso saboda zafi, ban da haɗarin zubar jini. Duk waɗannan abu ɗaya suke yi, suna raba bakin yaro da mama a kwanakin da jiki yake jiran a nuna masa yawan nonon da zai riƙa yi.

Ita kanwa kuma, labarinta ya kai har Turai. Cikin shekarun 1970, likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda yake Tudun Wadan Zariya a lokacin, suka lura da wata cuta da ta yi yawa a tsakanin masu jego na birni da ƙauyukan kewaye. Mace ta haihu lafiya, bayan 'yan makonni sai ƙafa ta kumbura, numfashi ya riƙa sarƙewa, ga tari, ba ta iya kwanciya sai a zaune. Zuciya ce take gazawa. Likitoci biyu, Davidson da Parry, suka bi mata 224 masu wannan ciwo, suka buga sakamakon a 1978. An ƙiyasta a lokacin cewa a Zariya kusan mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu tana kamuwa, abin da ba a saba gani ba a wasu ƙasashe. Suka zargi abu uku: wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, da kunu mai yawan kanwa, domin kanwa gishiri ce, gishiri kuwa yana tara ruwa a jiki ya ƙara wa zuciya nauyi.

Magana ba ta tsaya nan ba. A 2020 Farfesa Kamilu Karaye na Kano da abokan aikinsa suka fitar da wani babban bincike da aka yi a asibitoci da dama na Nijeriya. Sun tarar cutar tana nan da yawanta a Arewa maso Yamma, amma ba su ga alaƙarta da wankan jego ko kunun kanwa ba. Abin da suka gani shi ne rama, da rashin ilimin boko, da rashin sana'a, da hawan jinin da yake zuwa da ciki. Ke nan kada ki ɗora wa kunu laifin duka. Amma ki riƙe abu biyu. Babu binciken da ya nuna kanwa tana ƙara ruwan nono. Kuma mai hawan jini ko kumburi, gishiri da kanwa suna ƙara mata ciwo. Ki sha kununki, gero abinci ne mai kyau, amma a sassauta hannu wajen zuba kanwa, a sirka ruwan wanka. Idan kika ga kumburi da haki bayan haihuwa, ba na jego ba ne da za a ce zai wuce, asibiti za a nufa a ranar.

Sai kuma zamanin gwangwani. Da Turawa suka zo da kantunansu, sai madarar gwangwani ta shigo, daga baya ta gari da bulumboti suka biyo. Tun 1939 wata likita mai suna Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da yanzu ake kira Gana, kuma ita ce ta bayyana wa likitocin duniya cutar tamowar nan mai kumbura yara, ta tsaya a Singafo ta yi jawabi mai zafi, ta ce tallar madara ga iyaye matalauta daidai take da kisan kai. Ba a saurare ta sosai ba. Kamfanoni suka ci gaba da talla a rediyo da allunan bakin hanya, suna raba gwangwani kyauta a ɗakunan haihuwa, har mata suka ɗauka cewa fida ita ce wayewa, mama kuwa ta 'yan ƙauye ce.

Ga yadda abin yake kama mace. An ba yaro kwalba sau ɗaya, sau biyu, ya ƙoshi, ya rage tsotso. Da ya rage tsotso sai nono ya ragu, sai a ƙara kwalba, kafin wata biyu mama ta ƙafe. Yanzu dole sai gwangwani, gwangwani kuwa kuɗi ne, sai a riƙa tsinka madarar da ruwa don ta kai ƙarshen wata. Ruwan na rijiya ne, kwalbar ba a tafasa ta ba, ga ƙuda. Sai zawo, sai rama, sai a wayi gari an rasa yaro. A 1974 wata ƙungiya a Ingila ta fitar da rahoto a kan wannan ɓarna, a 1977 aka fara ƙaurace wa kayan kamfanin Nestlé a Amurka, sannan a watan Mayu na 1981 taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙa'idar hana tallar madarar jarirai. Ƙasashe 118 suka goyi baya, Amurka kaɗai ta ƙi.

A nan gida, bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta faɗi, madarar waje ta fi ƙarfin talaka. Ministan lafiya na lokacin, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara ne, ya riƙe ma'aikatar daga 1985 zuwa 1992, kuma a zamaninsa aka kafa doka ta 41 ta 1990 a kan tallar madarar jarirai. A 1991 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fito da shirin asibitoci masu ƙaunar jarirai, inda ake ɗora jariri a ƙirjin uwarsa da zarar ya faɗo, kuma ba a raba su ɗaki. Daga 1992 aka ware makon farko na Agusta don tunatarwa a kan shayarwa. A 2001 aka tsayar da shawarar nono zalla har wata shida, ba ruwa, ba koko, sannan a ci gaba da mama tare da abinci har shekara biyu. Kin ga an yi doguwar tafiya an dawo kan shekara biyun da Baba ta Karo ta sani.

Sai dai shawarar ta yi nauyin shiga gidajenmu. Ƙidayar lafiya ta ƙasa ta nuna a 2003 jarirai 17 cikin ɗari ne kawai suke shan nono zalla, a 2008 suka koma 13, a 2018 suka kai 29. Ba don matan Nijeriya ba sa ba da mama ba ne, kusan kowa tana bayarwa. Ruwa ne matsalar. Shi ya sa a 2019 aka ƙaddamar da gangamin hana ba jarirai ruwa kafin wata shida. Na san me za ki ce: da wannan zafi na Maris da Afrilu a hana ɗan mutum ruwa? To ki sani, kusan kashi 88 cikin ɗari na nono ruwa ne, tsaftatacce. Cikin jariri ɗan ƙanƙane ne, duk cokalin ruwan da ya shiga ya tare wurin nono. Ke za ki sha ruwan, shi ki ƙara masa mama.

To mene ne ilimin yau ya gano game da ƙara ruwan nono? Nono kamar rijiya yake, ɗiba ce take sa ya ɓuɓɓugo. Idan yaro ya kama mama yana tsotso, saƙo yana zuwa ƙwaƙwalwa, ta saki wani sinadari da ake kira furolaktin, shi ne mai haɗa nono, kuma ya fi fita da dare. Akwai na biyu, oksitosin, mai matso nonon ya zubo, shi kuwa tsoro da ɓacin rai da zafin ciwo suna riƙe shi na ɗan lokaci. Idan aka bar nono ya kwana a mama ba a sha ba, jiki sai ya ɗauka ba a bukata, ya rage. Girman mama ko ƙanƙantarsa ba shi ne ma'auni ba. A ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya, wajen 1980, masana sun ƙara wa mata masu shayarwa abinci don su ga ko nono zai ƙaru. Matan sun ji ƙarfin jikinsu, amma yawan nonon bai canza sosai ba. Ma'ana, abinci yana gina uwa, tsotso ne yake kawo ruwa. Haka a 2020 ƙungiyar Cochrane ta tattara binciken da aka yi a kan magunguna da itatuwan ƙara nono, irin su hulba da zogale, ta ce akwai alamar amfani a wasu, amma hujjar ba ta da ƙarfi. Ki ci zogalenki da ƙuli-ƙuli, ki sha kunun gyaɗa, ki ci wake da ƙwai da ganye, amma kada ki zauna jiran su su yi aikin da bakin yaro ne kaɗai zai yi.

Kafin ki yanke cewa nononki bai isa ba, ki duba shaida. Kuka ba shaida ba ne, yaro yana kukan zafi, da jiƙa, da son a ɗauke shi. Laushin mama bayan 'yan makonni ma ba shaida ba ne. A kwana biyu ko uku na farko dakashi kaɗan ne yake fita, kuma ya ishe shi, shi ne rigakafinsa na farko. Shaida biyu ce. Fitsari: bayan kwana biyar, yaro ya jiƙa nafkin aƙalla sau shida a kwana ɗaya, fitsarin fari ba ja ba. Sai sikeli: jariri yakan ɗan rame a kwanakin farko, amma ya maido nauyin haihuwarsa cikin mako biyu, ya ci gaba da hawa a katin awo.

Idan kin ga da gaske ya yi ƙasa, ga abin yi. Ki ba shi mama sau takwas zuwa goma sha biyu a dare da yini, ko ya yi barci ki tashe shi. Ki duba kamun: cikinsa ya manne da naki, ya buɗe baki sosai ya haɗa da baƙin da yake kewaye da kan nono, haɓarsa na taɓa mama, kina jin haɗiyarsa. Idan kan nono kawai ya kama, zai tsage miki shi kuma ba zai sami komai ba. Ki bar shi ya ƙare ɗaya kafin ki juya shi, domin maiƙon yana ƙarshe. Bayan ya gama ki wanke hannu ki tatsa a kofi mai tsabta, ki ba shi da cokali ko bakin kofi, ban da bulumboti. Ki riƙa kwantar da shi a ƙirjinki fata da fata. Kada a ba shi zuma kafin ya shekara. 'Yan barka su yi haƙuri, ki juya baya ki ja mayafi, kunya ba ta ciyar da ɗan fari. Cikin 'yan kwanaki zuwa mako biyu yawanci za ki ga canji, har wadda nononta ya ɗauke tana iya dawo da shi ta wannan hanya.

Amma akwai ƙarancin da ba a gida ake maganinsa ba. Matar da ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, nono ya ƙi zuwa sam, ko wadda guntun mabiyiya ya maƙale mata, ko mai ciwon maƙoƙo, ko wadda ta shiga sabon ciki, ko mai shan wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa da ba su dace da mai shayarwa ba, duk sai an duba su. Haka jaririn da aka haifa bakwaini, ko wanda ya daina tsotso, ko maɗigarsa ta faɗa, ko idonsa ya yi ɗorawa, ko jikinsa ya yi zafi, kada a kwana da shi. Akwai asibiti a Ikara, akwai a Makarfi, akwai a Hunƙuyi, ga ƙananan asibitoci a gundumomi, manyan matsaloli kuma a tura Shika. Idan ma'aikaciyar lafiya ta ce sai an haɗa da madara, ba abin kunya ba ne, ta nuna miki awon da tsabtar, ki ci gaba da ba da mama tare. Idan kuma wata ce za ta shayar miki, a fara gwada jininta saboda cututtukan da suke bi ta nono, a kuma sanar da dangi saboda hukuncin aure.

Na san da yawanku ba ku fita sai da izini, shi ya sa nake cewa wannan magana a yi ta da maigida tun ciki yana wata bakwai, a ajiye kuɗin mota, a san wadda za ta raka ki. Ki karanta masa wannan, ko ki sa a karanta a gaban uwar miji cikin ladabi. Kuɗin gwangwani ɗaya, in aka sayi wake da gyaɗa da hanta aka ba mai jego, ya fi amfani ga uwa da ɗa. Kishiya da 'yan uwa kuma su ɗauke mata girki da wanki, kamar yadda iyayenmu suke yi wa juna.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba masu jego lafiya, masu ciki Ya sauke su lafiya.